Ranar da Na Ce wa Jikata Ta Sunkuyar da Kai

Sanƙarau ne ya tafi da kunnuwan jikata tana 'yar shekara tara, muna zaune a Baure. Ya bar mata baki, ya bar mata ido. Da idon nan ta koyi ɗaukar magana daga leɓen mutum, kamar yadda ake tsince tsakuwa a gero. Ni na raine ta, don haka bakina ta fara karantawa. Ƙawata nake ce mata, ita kuma ta ce mini tsohuwa mai rowar goro.

Ta yi karatu, ta yi karatu, har ta samu kwaleji a Daura. Lokacin shari'a ta kankama, wa'azi ko'ina, mace ta rufe jiki, kowa ya runtse ido. Ita kuwa layin gaba take zama, idonta ƙur a bakin malami, don a nan darasinta yake.

Wata rana ƙanen ubanta, mai fataucin awaki, ya dawo daga Daura da magana. Wai ana cewa 'yar gidanmu ba ta da kunya, tana kafe maza da ido, har wani malami ya tsayar da darasi ya yi mata faɗa a gaban jama'a. Raina ya ɓaci. Da ta zo hutu na zaunar da ita, na buɗe bakin nan da ta yarda da shi, na ce mata 'yar mutunci ba ta kallon namiji haka, ta sunkuyar da kai kamar kowa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce to.

Ta kuwa yi biyayya. Wata uku tana zaune a aji kai a ƙasa, malamai na shiga suna fita. Ƙawarta da ke maimaita mata darasi ita ma ta fara sa niƙabi, bakin ya ɓace. Ba a kai ga jarabawa ba aka dawo mini da ita da akwatinta.

Ta daina cin abinci, ta daina wanka sai an matsa. Ɗaki take shiga ta juya wa ƙofa baya. Muka ce aljanu ne. Aka ɗauko malamin ruƙiyya, ya durƙusa yana karatu a saitin kunnenta har muryarsa ta dishe, ita kai a ƙasa. Ya ce aljanin mai taurin kai ne. Ni ma na gyaɗa kai, Allah Ya yafe mini.

Akwai wata takarda da ta ajiye mini a kan tabarma. Ban san ko bihim ba, kuma na ji nauyin in ba wani ya ga cikin gidanmu. Na ƙulle ta a haɓar zane, kwana da kwanaki. Wata safiya ina tsakiyar tankaɗe na ajiye rariya, na shiga, na kama haɓarta da hannuna mai gari, na ɗago fuskar.

“Ƙawata, dube ni. Karanta mini abin nan.”

Ta karanta da muryar nan tata da ba ta san ƙarfinta ba: “Kaka, in na duba, an ce ba ni da kunya. In na sunkuya, babu kowa a duniya sai ni kaɗai. Na gaji.”

Na ce mata ni na yi kuskure, na janye maganata, ta koma ta kalli bakin duk wanda ta ga dama.

Ta ce, “Ke kin janye. Su fa?”

Na saki haɓarta, na koma kan tankaɗena.

An kai ta asibiti, an ba ta magani, tana ɗan cin tuwo yanzu. Akwatin yana nan ƙarƙashin gado, ba ta buɗe shi ba. Bakina kaɗai take kallo a duk gidan. Haƙorana kuwa sai zubewa suke yi, jiya sau uku na maimaita mata magana ɗaya kafin ta gane.