Hutun da Sallahu Ya Cinye

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, mun taɓa yin wata tafiyar hutu mu uku, wadda har yau in na tuna ta sai in ji gajiyarta ta dawo mini a gadon baya. Ni ne, da abokina da muka tashi tare a unguwar Sa'alaba ta Jidda, sai wani abokin namu mai mota, wanda muka saka a tafiyar saboda Allah, da kuma saboda motar.

Dalilin tafiyar ba na daɗi ba ne. Abokin nan nawa a Jidda aka haife shi, a nan ya yi karatu, a nan aka binne iyayensa duka biyu. Sai wurin aikinsa ya rufe, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta zo ƙarshe, ya yi ta yawon neman sabon kafili, mai tsaya masa a wurin hukuma, har ƙafa ta gaji, bai dace ba. Aka buga masa huruj niha'i, wato fita ba dawowa. Fasfonsa ya ce shi ɗan Najeriya ne, shi kuwa ko a mafarki bai taɓa taka ta ba, kuma bai san kowa a can ba. Hausar ma ya fi jin ta a kan mayarwa. In ya fara magana da ita, kafin ya yi nisa Larabci ya ƙwace sitiyari.

Abu ɗaya ya roƙe mu. Ya ce, "Ya jama'a, ni ba na son walima, ba na son a taru ana yi mini kallon tausayi. Ku kai ni Umluj. Yini guda in zauna bakin bahar, in shiga ruwa, kada kowa ya tambaye ni yaushe ne jirgi. Halas, shi ke nan."

Ya daɗe yana tara hotunan wurin a wayarsa, ruwa kore shar, yashi fari fat. Muka ce wannan ai mai sauƙi ne. Muka tsara za mu bi gaɓar teku mu yi arewa, mu ci kifi a ƙauyukan masunta, mu leƙa Badar, mu zaga tsohon garin Yanbu, mu ƙare a Umluj, sannan mu dawo da wuri ya samu lokacin ɗaure kaya.

To, duk Bahaushen da ya san ciwon kansa ya san ba a faɗin tafiya a gida sai mota ta tashi. Ni kuwa da yake Allah ya hore mini baki, tun da sauran lokaci na faɗa wa mahaifiyata har da garuruwan da za mu bi. Ba ta ce komai ba sai Allah ya kiyaye hanya. Ranar tafiya da safe na fito da 'yar jakata, sai ga ƙulli a bakin ƙofa, an ɗaure shi da tsohon ɗankwali.

Ta ce, "Tunda ta Rabig za ku bi, ga ɗan sallahu ku kai wa ƙawata. Daddawa ce da kuka, sai turaren wuta. Ba nauyi."

Na ce, "Umma, hutu fa za mu."

"To hutu ya hana zumunci? Miƙawa kawai za ku yi ku wuce."

Jama'a, in tsohuwa ta ce muku miƙawa kawai, ku cire takalma, zama ya same ku.

Mun fara tsayawa a Tuwal, muka hango kwalekwalen masunta a jere, iska tana kawo ƙarnin kifi. Abokina ya buɗe ƙofa zai sauka, mai mota ya ce, "Yalla, mu fara sauke nauyin Rabig tukuna, teku ai ba gudu zai yi ba." Duk muka yarda da wannan hikima, muka ja mota.

A Rabig na miƙa ƙullin daga bakin ƙofa, ƙawar mahaifiyata ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce ita tunda take ba a taɓa ba ta sallahu a tsaye ba, mu shigo. Aka kawo gahawa da dabino. Aka kawo shayi. Muka yunƙura, aka ce maigidan ya tafi masallaci, ba ma tafi ba mu gaisa ba. Maigida ya dawo, aka ce ai an riga an ɗora shinkafa. Muna cikin ci ta ƙura wa abokina ido.

"Wannan ɗan wa ne?"

Na ce, "Ɗan marigayi mai tsiren nan na Sa'alaba ne, Hajiya."

"Allahu akbar! Shi fa ya yi mana tsire ranar sunan babban ɗana. Allah ya jiƙansa. An ce gida za ka, ɗana?"

Ya ce, "Aiwa, Hajiya. Ƙasar baba."

A lokacin ban tsaya tunanin wa ya gaya mata ba, hankalina yana kan agogo. Da za mu fito bayan la'asar, sai ga ta da ƙulli biyu. Ɗaya na ƙanenta ne a Mastura, tunda hanyarmu ce. Ɗayan ta danƙa wa abokina hannu da hannu, ta ce na ƙanwarta ne da ke aure a Fagge, cikin Kano. Ta sa ya kunna waya ya ɗauki muryarta tana kwatancen gidan, daga wane masallaci za a karya, wane lungu za a shiga, har da mai sayar da itace na bakin lungun, wanda wataƙila ya daɗe da rasuwa.

Mastura kowa ya san ta da kifi. Tun daga Jidda muke haɗiyar yawu, muna cewa kifin najil za mu ci a bakin ruwa da shinkafar sayyadiyya. Abin da muka ci a Mastura tuwo ne miyar kuka, da kukar da muka ɗauko da hannunmu, domin Hajiyar Rabig ta raba ta biyu ta aiko wa ƙanenta. Mutumin kirki ne wallahi, amma ya rantse ba za mu kama hanya ba sai mun kwana. Da safe ya ba mu saƙon wani amininsa a Badar, ya ba abokina jallabiya da sallaya na yayansa a Zariya.

A Badar mun samu mun ziyarci shahidai, wannan kam alhamdu lillahi, ko da yake da tsakar rana ne, zafi kamar ana toya mu, kuma a gurguje. Aminin nan Bahaushen Sudan ne, dattijo mai kula da gonar dabino. Kakanninsa da ƙafa suka baro Sakkwato, shi bai taɓa ganin ta ba, amma ya san sunan unguwarsu, ya san ƙofar gidan gabas take kallo. Ya ba abokina carbi da buhun dabino ya kai wa danginsu na can. Ya ce, "Ka ce musu muna nan, ba mu ƙare ba." Sannan ya ɗauko wani ƙullin, ya ce akwai wata tsohuwa a Yanbu.

Zuwa wannan lokaci bayan motar ya cika, gajerun wandunan da muka saya don shiga ruwa suna can ƙarƙashin buhun dabino. Cikinmu ya gaji da ci, bakinmu ya gaji da gaisuwa, ga gumi yana manne mana riga a jiki ko da na'urar sanyi tana aiki. Teku yana hagunmu, ya leƙo ya ɓuya. Mai mota ya ce, "Wallahi duk wanda ya ƙara ba mu ƙulli, a bahar zan jefa shi." Na ce ya bari ya fara ganin bahar ɗin tukuna. Babu wanda ya yi dariya. Abokina ya jingina kai da gilashi, ya daina duba hotunan nan. Ni kuwa haushin kaina ya ishe ni, domin ina ganin kwanakinsa na ƙarshe a ƙasar da aka haife shi suna ƙarewa a falon mutane.

Kafin mu shiga Yanbu muka ƙulla dabara. Mai mota ba zai kashe inji ba, abokina ba zai sauko ba, ni zan ruga in ajiye in fito. Na shiga da sallama, aka kai ni ɗakin tsohuwar. Tana kan katifa a ƙasa, idanunta sun yi fari, ba ta gani sosai. Ko ƙullin ba ta taɓa ba.

Ta ce, "Ina yaron da za shi gida? Shi nake jira."

Yaya zan yi? Na fita na kira shi, mai mota ya kashe inji yana tsaki.

Ta kama hannunsa ta shafa, ta tambayi sunan kakarsa ta wajen uba. Ya faɗa. Sai ta fashe da kuka. Ashe 'yar Haɗeja ce, garin mahaifinsa, kuma tare da kakar tasa suka yi wasan ƙasa. Ta fara jero masa dangi, wane ya haifi wane, wa ya rasu, wa take jin yana nan. Ta ce akwai ƙanen mahaifinsa da aka bari a goye lokacin da mahaifin ya taho. Abokina bai taɓa jin yana da baffa ba. Ya zame daga kan kujera ya zauna a ƙasa, yana tambaya da Hausarsa mai ɗingishi, tana gyara masa. Ta ce, "Ba ammi za ka ce masa ba, baffa za ka ce. Kuma ka durƙusa, can ba a gaida manya a tsaye."

Muna nan har aka kira magariba. Sai 'ya'yanta suka ce sun riga sun sayo rago, gobe da rana za a yanka saboda baƙi. Duk wanda ya san mutanenmu ya san ba a tsallake yankan da aka yi dominka. Gobe ta tafi ke nan.

Bayan mun ci ragon ne muka ja ƙafa muka zaga tsohon garin Yanbu. Gidaje ne na dutsen teku masu tagogin katako da aka sassaƙa, abin sha'awa ƙwarai, amma ni benci kawai nake nema. Lokaci kuma ya riga ya ƙure. Mai mota washegari zai koma aiki, abokina kuma ga ɗaurin kaya na jiransa. Da muka fito babban titi, allo ya nuna Umluj gaba, Jidda baya, mai mota ya rage gudu. Na ce, "Mu je mana, ko ƙafa ce ka tsoma mu juyo."

Ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Khalli, bar shi, ya akhi. Na gaji. Ba haka nake so in gan shi ba."

Muka juya.

Ina isa gida na tarar da mahaifiyata tana tsintar shinkafa a faranti. Ban ma zauna ba na fara. Na ce, "Umma, kin san abin da sallahunki ya ja mana? Ko ruwan ba mu taɓa ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sun gan shi?"

"Wa?"

"Yaron. Duk sun gan shi? Ta Yanbu ta riƙe shi?"

Ta ture farantin gefe, ta ce, "Kai kana tsammani ban san masu motar Rabig ba ne, da zan jira ku da daddawa? Yaro ba uwa ba uba, a sauke shi filin jirgi da akwati, ya nufi ina? Mai sallahu ba a rufe masa ƙofa. Duk gidan da ya je sai an ce shigo, sai an tambayi ɗan wa ne. Ni waya ɗaya na buga, sauran su suka haɗa abinsu."

Na ce, "Amma Umma, teku ya ce yana son gani."

"Tekun ne zai ba shi masauki?"

Na wuce ɗaki na kwanta da takalmina.

Ranar tafiyarsa kaya suka yi nauyi a ma'auni, ya cire nasa tufafin ya bar mini, ya tafi da na mutane. Gidan Fagge ya fara nema da kwatancen nan, kuma a can ya zauna watanninsa na farko, suka hana shi kama haya. Daga baya ya je Haɗeja ya samu baffan nasa da rai. Yanzu yana da shago, yana da iyali, in muna waya har gyara mini Hausa yake yi, abin da ke ba ni haushi ƙwarai.

Na sha juya wannan abu a raina. Mahaifiyata ta yi gaskiya, ta hango abin da mu ƙattin banza uku ba mu hango ba, kuma da ba don ita ba ban san inda zai kwana a darensa na farko ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma yardar ba ta cire mini ciwon ba. Mutum ya rayu a ƙasa tun haihuwa, da zai bar ta ya roƙi yini ɗaya tak, mu kuma da muke kiran kanmu abokansa ba mu iya ba shi ba. Abin da yake buƙata ya samu, abin da yake so ne bai samu ba, kuma na kasa sa ɗaya ya biya ɗaya.

Umluj tana nan inda take, tafiyar da in ka fita da safe ka isa da rana. An sha gayyata ta, kullum sai in ce aiki. Kwanan baya muna waya ya tambaye ni, "Wai ruwan nan da gaske kore ne, ko gyaran hoto ne?"

Na ce ban sani ba, ban je ba.

Ya ce, "Ka je mana, ya sheikh. Ai kai kana da iƙama."

Na ce in sha Allahu, muka koma hirar yara.