Ledar da Na Sa wa Tantin Baba

Ɗakin babanmu ya faɗi ne a tsakiyar damina, shekara biyu bayan rasuwar innarmu. Allah ya kiyaye, yana masallaci lokacin da bangon gabas ya sha ruwa ya zube. Ni ce ƴarsa ta fari, ina koyarwa a Madawa, ƙannena maza kuma duk suna cirani. Na hau mota zuwa ƙauyenmu da ke bayan Deule da niyya guda, in ɗauko shi.

Ya ƙi. Gero ya fara fid da kai, tubali kuma ba ya bushewa sai rani. Na san abin da yake tsoro ko da bai faɗa ba: tsohon da ƴaƴansa suka kai birni ba kasafai yake komowa da ƙafarsa ba. Muka yi ta ja har muka tsaya a kan tanti. Zan sa a ɗinka masa, ya zauna ciki har a gina sabon ɗaki. Amma na gindaya sharaɗi.

"In tantin bai riƙe ku ba, Baba, sai Madawa."

"Na ji," in ji shi. Shi kuwa in ya ce ya ji, magana ta ƙare.

Ran kasuwa muka je wurin wani tela mai ɗinka tamfol na manyan motoci. Baba ya yi zaɓe kamar mai sayen bijimi. Ya murza yadin tsakanin yatsu, ya ɗaga shi ga rana, ya ɗauki mai kauri launin ƙasa. Bango ya ce a yi shi tsayin mutum da hannu a ɗage, don ba zai yi salla a duƙe ba. Ƙofa ta dubi yamma, tunda daga gabas ruwa yake bugowa. Taga ɗaya ya yarda da ita, mai kallon rumbunansa, na ƙara mata ragar sauro ya ƙyale ni. Telan ya kawo maganar zif, baba ya ce igiya ta fi, don in ta tsinke kowa likitanta ne.

Sai aka zo kan ƙasa. Telan ya ce wasu suna barinta haka nan, wasu kuma a ɗinke musu leda mai kauri haɗe da bangon, ko kunama ba ta samun hanya. Ina jin kunama na ce ledar za a sa.

"A bar mini ƙasata, Madam," in ji baba. Haka yake kirana, don ba ya kama sunan ƴar fari. "Rairai ya ishe ni."

Na jero masa danshi da gara da ciwon ƙashi. Ina da baki, ban musa ba, na saba tsayuwa gaban allo ba mai katse ni. Ya saurara har na gaji don kaina, sannan ya ce, "To, ke kinka yi lakwal." Karatun bokona yake nufi, na kuma ɗauka yabo ne.

Maƙwabta suka kafa tantin a gefen kangon. Kyau kam ya yi kyau, ledar shuɗiya sai sheƙi take yi. Na koma bakin aiki da kwanciyar rai.

Bayan mako biyu na dawo ran Asabar da hantsi. Na tarar da shi a inuwar rumbu, ya rungume hannun hagu a ƙirji. Goggo, ƙanwarsa mai kawo masa abinci, ta ja ni gefe.

"Tun Talata ya hwaɗi," ta ce. "Ana ruwa, ya yi alwala ciki awa yadda ya saba, ruwan bai samu inda za shi nutse ba. Ya dogara sanda, ta zame. Mai ɗori ya duba, ba karaya. Shi ya hana a gaya miki."

Na shiga tantin. A bakin ƙofa ga kayansa ɗaure cikin tsohon bargo, buta da rediyo a sama.

"Tantin bai riƙe ni ba," ya ce daga bayana. "Motar azahar ba ta wuce ba tukuna."

Abin da nake nema tun farko ke nan, ga shi an miƙo mini. Amma kunya ce ta rufe ni, da baƙin ciki. Duk abin da ya zaɓa da kansa yana nan ƙalau. Abu ɗaya da na zaɓa shi ya kayar da shi, ga shi kuma zai raba shi da gonarsa.

Na karɓi wuƙa wurin goggo, na durƙusa ina bin ɗinkin. Ya ci mini lokaci, telan nan ba ya ha'inci. Da na janye ledar, ni da goggo muka yi sawu huɗu zuwa korama da tasa a ka, muka baza rairai har kowace kusurwa. Muna cikin haka motar ta yi oda a bakin hanya ta wuce.

Bayan la'asar ya shigo. Ya danna sandarsa cikin rairan, ta tsaya. Bai dube ni ba. Ya zauna, ya jawo bargon da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana fama da shi.

"Zo kwance mini wanga ƙulli," ya ce. "Hannu guda ba ya iyawa."