Tarihin Dakta Munji Zawari, Mai Bin Sawun Jita-jita

An haifi Munji ɗan Tijjani Zawari a birnin Safaƙus na ƙasar Tunisiya a shekarar 1941. Mahaifinsa mai matsar man zaitun ne, mahaifiyarsa kuwa, Shadliya, 'yar gidan masunta ce daga tsibirin Ƙarƙana.

Karatunsa

Ya fara da makarantar allo ta unguwarsu, ya kammala sakandare a 1960, sannan ya wuce jami'a a birnin Tunis inda ya karanci ilimin zamantakewar al'umma. A 1969 ya dawo daga Faransa da digirin digirgir, bayan ya rubuta kundi kan yadda labari ke sauya kama idan ya bi ta bakuna da yawa.

Aure da aiki

A 1970 ya auri Najiba Kammun, malamar lissafi, kuma a shekarar ce ya fara koyarwa a jami'a. A lokacin, masu bincike sun dogara ne da yi wa mutane tambayoyi, shi kuwa yana ganin mutum kan faɗa wa baƙo abin da yake zaton baƙon na son ji. Saboda haka ya ƙuduri aniyar ya shuka magana da kansa, ya zuba ido ya ga inda za ta bi.

Gwajin Sidi Marzuƙ

A bazarar 1974 ya tafi da ɗalibansa wani ƙaramin gari mai suna Sidi Marzuƙ. Suka saki magana a gidan shayi cewa wata motar fulawa ta jiƙe a hanya an mayar da ita, labarin da suka ƙirƙira suna ganin ba zai cuci kowa ba. Ɗaliban suka bazu a kasuwa da gidan wanka suna saurare.

Kafin mako ya zagayo, maganar ta zama cewa ba a mayar da fulawar ba, Bulƙasim mai gidan burodi ne ya saye ta. Da wata yarinya ta rasu da zazzaɓi, sai aka ɗora wa burodinsa. Aka jefe masa shago, aka daina amsa sallamarsa.

Ranar Juma'a Dakta Munji ya miƙe a harabar masallaci ya bayyana cewa shi ne tushen maganar, kuma ba ta da asali. Wani dattijo ya dube shi ya ce, "Malam Munji, kai da bakinka ka ce wancan makon ƙarya ka yi. To na yau da me za mu auna shi?" Jama'a suka watse ba su gaskata ba. A ƙarshen watan Bulƙasim ya kwashe iyalinsa ya bar garin, bai faɗa wa kowa inda ya nufa ba.

Sauyin tafarki

Dakta Munji ya ƙi wallafa sakamakon gwajin, duk da cewa abokan aikinsa sun nuna masa shi ne zai ɗaga darajarsa. Daga 1976 ya koma zama cikin jama'a na tsawon lokaci, yana halartar bukukuwa da zaman makoki da sulhun iyalai, kuma ba ya naɗar muryar kowa sai ya sanar da shi ko shi wane ne da abin da yake nema. A kan wannan sharaɗi ya horar da ɗalibai masu yawa, kuma darasin farko na kowace shekara labarin Sidi Marzuƙ ne.

Bai daina cigiyar Bulƙasim ba, har ya same shi a 1988 a garin Gabis, ya tsufa yana gasa burodi a tanderun wani. Ya zauna ya zayyana masa komai. Da ya gama, Bulƙasim ya ce, "Nawa na yafe, ɗana. Amma matata ta koma ga Allah tana zaton ƙanwarta ce ta ƙulla mana, ta rasu ba sa ga maciji. Wannan ba ni da ikon yafe shi."

A makon ne Dakta Munji ya koma Sidi Marzuƙ ya nemi ƙanwar, mai suna Mabruka, ya shaida mata a gaban 'ya'yanta cewa an zarge ta da abin da ba ta aikata ba. Ta saurare shi har ya gama, ta sa aka kawo masa ruwa, ta shige ciki. Ba ta sake yarda sun haɗu ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya yi ritaya a 2001 ya koma Safaƙus, ya ci gaba da duba kundayen ɗalibai har ganinsa ya yi rauni. Allah ya yi masa rasuwa a watan Maris na 2016 bayan doguwar jinya, yana da shekara saba'in da biyar. An yi masa salla bayan La'asar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa Najiba da 'ya'ya huɗu: Sufyan, Ulfa, Anis da Hayat. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da bayi suka kasa yafewa.