Mun Je Guci Ɗauko Bango

Magarya

Ana sallame sallar asuba muka nufi tasha, ni da Mamman Mai Hatimi. Ni na saɓo akwatin hotona mai ƙafa uku, shi kuwa ya ɗauko bakinsa da ƴar jakar wuƙaƙe, don Mamman bai taɓa ɗaukar abin da ya fi wannan nauyi ba. Shekara biyu ke nan bayan babban fari, bazara ta zo ƙarshe, hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Ga abin da ya fitar da mu. A bakin kasuwar Magarya muna da rumfa inda masu aikin ido ke haɗuwa. Akwai ni mai hoto, akwai Mamman da ke sassaƙa wa ƴan kasuwa hatimi, sai masu rubuta allunan shaguna da masu zana jikin motoci. Babbanmu shi ne Baba Ɗan Tanin, tsohon magini mai zanen bango, wanda kusan dukanmu a gabansa muka koyi jan layi. Idonsa ya tafi, amma kullum yakan lallaɓo da sandarsa ya zauna tare da mu.

Ayyukansa duk sun ƙare, wasu ruwa ya cinye, wasu siminti ya rufe. Saura ɗaya tak, fuskar zauren wani attajirin gyaɗa a Guci. Sai ga labari cewa mai gidan ya rasu, ɗansa zai shafe bangon da siminti kafin ruwa ya sauka. Da Baba ya ji, cewa kawai ya yi laka ce, gida za ta koma. Amma daga ranar bai sake zuwa rumfa ba, abin ya ci mana rai. Muka yi shawara ni in je in ɗauko bangon a hoto, Mamman kuma ya sassaƙa shi a katako, tunda hoto ba ya yi wa makaho komai sai abin da hannu zai taɓa.

Dungas

Motar da muka samu babba ce, shaƙe da buhunan kanwa, mu muna bisa kaya kamar kaji. Direba ya ce kafin hantsi muna Dungas. Bai faɗi hantsin wace rana ba. Duk inda rairayi ya yi zurfi sai mu sauka mu tura, Mamman yana gefe yana ba mu ƙarfi da baki.

A shingen shiga gari wani jandarma ya nuna kwalin takardun hotona ya ce in buɗe. Na yi masa bayani cewa in haske ya taɓa su sun mutu. Ya kalle ni sama da ƙasa.

"Kayan da ba ya son rana ai kayan ɓarawo ne."

Ba yadda na iya, na kafa akwati na ɗauke shi hoto don ya gani da idonsa. Da ya ga kansa da hula a karkace sai fuska ta sake, ya kira abokin aikinsa, wannan ma ya kira wani. Irin akwatina kuwa kowane hoto takarda biyu yake ci: ta farko takan fito baƙi ya zama fari, sai an sake ɗaukarta sannan ta daidaita. Ko da suka ɗaga mana shinge, takardar hoto ɗaya ta rage mini. Na yi ta murmushin dole ina godiya.

Mun sauka gidan Malam Habu, mai zayyanar allunan saukar Alƙur'ani. Ya kawo mana tuwon gero da miyar kuka, ya ce shi ma a bangon Guci ya fara ganin yadda ake ɗaure dagi, wannan ƙullin zane da ba a gane farkonsa. Ya ce mu yi sammako, don ya ga simintin da idonsa an wuce da shi.

Guci

Washegari ba mota, sai amalanken shanu na wani makiyayi da ke komawa gida. A hanya har yanzu ana ganin ƙasusuwan dabbobi sun yi fari a gindin ƙaya. Makiyayin ya tsaya a rugarsu matarsa ta dama mana fura, ya ƙi karɓar ko dala.

Bayan azahar muka shiga Guci. Ba mu nemi mai nuna mana gida ba, bangon da kansa ya kira mu. Dagi ne babba a saman ƙofa, layuka suna shiga juna suna fita, ga takobi miƙe a gefe. Amma ga tsani an jingina, ga yashi an jibge, ga buhunan siminti a inuwa.

Laminu, ɗan marigayin, ya karɓe mu da mutunci. Ni da na zo da shirin faɗa sai na zauna ina saurare. Ya ce ba ƙin aikin yake ba, amma bara gefen bangon ya zube saura kaɗan ya danne yara, kuma duk ƙasar nan ba wanda ya iya gyaransa. Tsohuwarsa ce ke bin tsagar da hannu tana liƙewa, ita ma ƙarfi ya ƙare. Gobe maginai za su fara.

Matsalata ita ce rana. Hadari ya rufe sama ruf, akwatina kuwa ba ya gani sai da haske. Na kafa shi na zauna ina kallon sama kamar manomi. Mamman ya hau tsani yana bin layukan da yatsa, karon farko da na ga bakinsa a rufe. Can bayan la'asar gajimare ya tsage ta yamma, rana ta faɗo kan bangon, kowane layi ya tashi da inuwarsa. Na yi bisimilla na cire murfin idon akwatin, na mayar. Da na zaro takardar daga ruwan magani, sai ga bango ya fito.

Za mu tafi sai tsohuwar ta fito da ƙwarya cike da ɓaraguzan da suka zube daga bangon bara. Ta ce ta kasa zubarwa.

"Ƴaƴana, ku kai wa Ɗan Tanin. Ƙasarsa ce."

Gida

Komawa ba labari sai ciwon baya. A gida na samo wata takarda na sake ɗaukar hoton, ya daidaita. Mamman ya sa hoton a gaba ya duƙufa kan katako, har ya rame. Ranar da ya gama, duk ƴan rumfa muka ɗunguma gidan Baba da hantsi, kowa na yaba aikin. Muka ɗora masa katakon a cinya.

Yatsunsa suka sauka kan dagin, sai muka ga haƙoransa. Ya bi layi ya bi layi, sannan hannun ya tsaya cak.

"Mamman, wa ya juya mini zaure? Takobin nan a dama na sa shi."

Muka dubi hoto, muka dubi katako. Gaskiya ne. Mai hatimi a juye yake sassaƙa komai don ya fito daidai in an buga, hannun Mamman kuwa tun yana saurayi abin da ya sani ke nan. Mu masu ido duk ba wanda ya lura. Mamman ya sunkuyar da kai, na ga ƙwalla ta cika masa ido.

Baba ya jima yana shafa katakon, sannan ya ce ashe hatimi aka yi masa, to ai sai a buga. Ya tambayi ƙwaryar nan ta Guci. Aka kawo ruwa, ya zuba ɓaraguzan ya murƙushe, ya kwaɓa da kansa, hannun da ya daɗe bai taɓa laka ba. Ya shimfiɗa ta a kan faifai ya lallashe, ya ce Mamman ya kifa katakon ya danna da ƙarfinsa duka. Da aka ɗaga, ga dagi ya taso, ga takobi a dama.

Ya ɗora yatsu a kai, ya bi daga farko har ƙarshe, ya gyara wata kusurwa da babban yatsa. Ya ce kada kowa ya taɓa sai ta sha iska.

Mun gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Mun gode wa Malam Habu, da makiyayin da ban ko tambayi sunansa ba, da tsohuwar Guci. Bangon can yanzu siminti ne. Baba kuwa washegari ya riga kowa zuwa rumfa, da faifan a hannu da laka a ƙarƙashin farce.