Malam Rufus da Waƙar Niƙan Inna Kyauta

Malam Rufus mutumin Zuru ne, amma ya shekara goma sha tara yana koyar da lissafi a Goronyo, har ɗalibansa na farko sun soma kawo masa nasu 'ya'yan. Matarsa Elisabatu ma'aikaciyar lafiya ce, tana bin ƙauyuka yin rigakafi. Shi ba mai yawan magana ba ne, amma Allah ya ba shi kunne. In ana waƙa a coci wani ya kauce ko kaɗan, za ka ga Rufus ya ɗan karkata kai. In an tashi daga makaranta yakan hau babur ya bi gefen magudanar da ta fito daga dam, ya tsaya inda gonakin albasa suka shimfiɗu kore shar, ya yi ta sauraron tafiyar ruwa har hankalinsa ya yi nisa.

Wata Asabar da hantsi ya kai Elisabatu wani ƙauye wajen Giyawa. Yana jiranta a inuwa sai wata murya ta tsallako danga, siririya, tana hawa tana sauka tare da gurzar dutsen niƙa. Tsohuwa ce ake kira Inna Kyauta, wadda har yau ba ta yarda a kai geron kununta inji ba. Waƙar tana lissafa wuraren ƙauyen da ta girma a bakin gulbi, wanda ruwa ya rufe shekarar da dam ya cika: tsamiyar da ake ɗaure jirage, mashayar shanu, hanyar da 'yan mata ke bi ɗibar ruwa. Rufus ya rufe ido, sai ya ga kamar yana tafe cikin garin a ƙarƙashin ruwa, kifaye suna wucewa ta ƙofofin ɗakuna.

Ya nemi izinin ɗanta Mu'azu ya ɗauki waƙar a waya. Elisabatu ta shiga da wayarsa, ta ɗora bisa kifaffen turmi, tsohuwa ta sake rerawa.

Da ya saurara a gida sai ya ji sautin bai fita ba. Injin ban-ruwan wata gona ya cika sautin da ruri, ga iska, ga wani zakara da ya ƙi yin shiru. Nan ya shiga neman manhajar gyaran murya. Ya sauko da wata babba irin ta masu ɗakin waƙa, tsohuwar kwamfutarsa ta yi zafi ta daskare. Ya samu wata ta kyauta, amma komai da hannu ake yi, ga maɓallai barkatai. Sai wani abokin aikinsa ya nuna masa ta waya, wadda taɓawa ɗaya kawai take buƙata. Cikin minti guda inji ya ɓace, zakara ya ɓace, murya ta fito tas. Da murnarsa ya koma ƙauyen.

Inna Kyauta ta fito zaure ta zauna bisa tabarma, ya kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, tana kallon wayar.

"Malam, wagga wa ta?"

"Ke ce mana, Inna."

"A'a, ba ni ta ba. Wagga matar ba ta niƙa komi. Ina dutsina yat tahi? Kuma ko numfashi ba ta yi. Mi kay yi mata?"

Mu'azu ya yi dariya, amma Rufus bai yi ba. Ya sake saurare, ya ji abin da take faɗi. Manhajar ta ɗauki gurzar dutsen a matsayin hayaniya ta share, ta haɗa har da nishin da tsohuwa ke yi in ta tura ɗan dutsen gaba. Abin da ya rage murya ce mai kyau da ba ta tsaye a ko'ina.

"Ki yi haƙuri, Inna. Zan mayar miki da dutsenki."

Ya koma wa ta kyautar nan mai wahala. Sati bakwai yana kanta, kullum bayan la'asar, ya jingina katifa a taga, ya toshe kunnuwa da iyafis na sauraro. Ya koyi zaɓo ɗan wurin da ba a jin komai sai injin, ya nuna wa manhajar shi, sannan ya rage rurin kaɗan kaɗan don kada murya ta ƙwaru. Carar zakara kuwa ɗaya bayan ɗaya ya bi ya yanke, ban da guda da ta faɗo tsakiyar sunan tsamiya, wadda ya bari. Wani lokaci sai Elisabatu ta leƙo ta tarar da shi ya daina taɓa komai, ya zuba wa zanen sautin ido yana tafiya a allo kamar igiyar ruwa, abincinsa ya huce a gefe.

Saura daidaita ƙarfin sauti. Ya gwada a ƙaramar waya, ya ji dutsen ya danne murya. Ya gyara, ya roƙi wani direba, Abubakar, ya sa a motarsa daga Wurno zuwa Achida. Fasinjoji suka kasa kunne, wata mata a baya ta ce a maimaita.

Ranar da ya kai wa Inna, ta sa hannu ta dafe wayar tun kafin waƙa ta ƙare.

"To, yanzu ni ta. Amma na mance baitin maƙera. Ka komo in an cire albasa."

Ya koma, har sau goma sha ɗaya, suka ɗauki waƙoƙi tara. Elisabatu ta soma zancen komawa Zuru in sun yi ritaya, shi kuwa yakan ce a bari tukuna. Wani manomi, Yari, ya riga ya zo ya yi sallama har gida, yana son a ɗauki kirarin noman mahaifinsa tun tsohon yana da ƙarfin ɗaga murya. Rufus ya ce masa Asabar mai zuwa, da sassafe, kafin a tada injuna.