Ranar da Na Fasa Motar Ƙugiya

Ku matso ku ji. Wannan babu gizo a cikinta. Da idona na gani, da hannuna na aikata.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ban kira sunansa yana raye ba, ba zan fara yanzu ba. Direban motar ƙugiya ne, mai dogon wuyan nan da ke ɗaga ƙarafa in ana ginin gada. Ya daɗe yana bin masu aikin hanya, har ranar da igiyar ƙarfe ta tsinke ta tafi da yatsu huɗu na hagunsa. Ya dawo ƙauyenmu, can bayan Anka, da dungulmi da wata 'yar motar ƙugiya ta wasa da shugaban aikinsu ya ba shi. Ba ta fi taƙi biyu ba, amma zubin ƙarfe ce, nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Komai nata yana motsi: wuya, ƙugiya, har ƙofar direba.

Daga ita ya fara. Duk inda aka zube kayan gwanjo, Gummi ko Bukkuyum, sai ya je ya tona, har ya tara bakwai, duk koɗaɗɗu. In an kai amfanin gona rumbu sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya danne mota da dungulmin, ya kankare tsohon fenti da reza, ya wanke da kananzir. Gashin jelar akuya yake ɗaurawa a tsinke, shi ne buroshinsa. Ja bana, shuɗi baɗi. Kaza ba ta isa ta gifta ba. Ni kaina in na kawo fura, daga nesa nake tsayawa.

"Malam, da furfurarka kana wasan yara?"

"Ke dai aje ki tahi. Numfashinki na ɓata min aiki."

Haka muka yi shekara goma ko fi. Sai zinare ya bayyana wajen Bagega da Dareta. Maza suka bar gona, mata suka koma dakan dutse a turmin gero. Ido ya rufe. Kowa ya ɗauki abu sai ya jinjina shi a tafi. Wani baƙo ya ɗaga ɗaya daga motocin, ya ji nauyi, ya yi shiru. Daga shirun nan magana ta fita: wai tsohon nan narka zinare yake, ya zuba shi siffar mota, ya rufe da fenti. In ba haka ba, me zai sa dattijo ya riƙa fentin abu ɗaya kowace shekara?

Ranar kasuwa 'yan fashi suka zo, da hantsi, maza duk sun fita. Su huɗu kan babur biyu, fuska a naɗe, ɗaya da bindiga, sauran da adduna. Ina tankaɗe na ji gwangwanin fenti ya faɗi. Kafin in fito sun fasa wa maigida baki da gindin bindiga. Jini da jan fenti sun haɗu a rigarsa, ban san wanne ne wanne ba. Motoci shida suna cikin buhu. Babbansu ya zaro ɗaya, ya ɗaga wuyanta, a lungun da reza ba ta kai ba sai ga rawaya, ragowar fentinta na asali.

"Ga shi nan! Baba, ina ka binne sauran?"

"Fenti ne, ɗana."

"Fenti ne, ɗana!" ya kwaikwaye shi, suka bushe da dariya. Suka kifar da turmina, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kai, mutum biyu suka danne shi. Babban ya ɗaga adda. "Inji ya ci wancan, wanga namu na. Uku zan ƙirga."

Leɓen maigida kawai ke motsi. Da hannun nan yake noma, da shi yake alwala.

"Ku dakata!" na ce. "Ni na san inda babbar take."

"Yauwa, Inna! Ashe ke ce mai hankalin gidan."

Ta bakwai, wadda ya dawo da ita daga aiki, tana ƙarƙashin gadona tana bushewa saboda kaji. Na ɗauko ta, fenti yana manne mini a tafi. Babban ya miƙo hannu, ban ba shi ba. Na ɗora ta a dutsen niƙa, na jawo taɓarya. Matan da ke dakan dutse sun sha nuna mini: zinare in aka buge shi bajewa yake, ba ya tsagewa. Duk wanda ya taɓa haƙa ya san haka.

Sai a lokacin maigida ya ɗaga murya. "Kada ki..."

Na sauke taɓarya. Wuyan ya ɓalle. Na ƙara, cikin ya tarwatse kamar tsohuwar tukunya, ruwan toka fes.

Babban ya tsinci ɓallin, ya juya shi, ya ciza, ya tofar. Ya zazzage buhun, suka bi sauran shidan ɗaya ɗaya da ƙeyar adda suna zage-zage. Ɗaya ya haure ni a haƙarƙari. Har yau in hadari ya taso ina jin wurin. Da za su fita, suka saki maigida, babban ya kafta wa turmin sara daidai inda hannun ya kwanta ɗazu, har ƙarfen ya maƙale. Suka hau baburansu.

Kwana uku maigida bai yi mini magana ba. A na huɗu ina gasa masa baki da ruwan zafi, ya ce, "Bakwai gare ni. Sai ita za ki fasa?"

"Ita ta rage, Malam. Hannun ma shi ya rage."

Ya daɗe yana kallon hannun, yana buɗe yatsu yana rufewa. Can ya sa na kawo ɓaraguzan da na tara a ƙwarya. Ya tsince na babbar, ya nemo siririyar waya, ya ga ba ta ɗauruwa da hannu ɗaya. Ya matsa mini gefen tabarma.

"Zauna ki riƙe min nan," ya ce. "Kada dai ki yi numfashi."