Mai Raɗa wa Duniyoyi Suna

Abdulsamad ɗan fari ne, kuma a gidan da aka haife shi wannan matsayi yana da hukuncinsa. Mahaifiyarsa Kande, Bafillatanar Giade da aka auro zuwa Azare, ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, idan da mutane ma sai ta yi kamar ba ta san yana wurin ba. Da aka yaye shi sai aka kai shi Katagum wajen kakarsa ta wajen uba. Can ya tashi yana ce wa kakar tasa Inna, uwar da ta haife shi kuwa yana ce mata Adda, kamar yayarsa. Ita kuma idan larura ta tilasta mata ambatonsa, sai ta ce “mutumin Katagum.”

Ya kamata a fahimci wannan al'ada kafin a yanke mata hukunci, domin ba ƙiyayya ba ce. Bayan kakar ta rasu ya dawo Azare, Kande ce take dama furar da ya fi so, ta ba ƙanwarsa Sadiya ta kai masa, ta ce a gaya masa ragowa ce. Ya san ba ragowa ba ce. Amma abin da mutum ya gane da hankali bai cika isarsa ba, yakan so ya ji da kunne. Burinsa guda ne, kuma aboki ɗaya kawai ya taɓa gaya wa: ya ji sunansa a bakinta.

Sana'arsa tura fina-finai a waya da yin caji, a wani ƙaramin shago kusa da tasha. A nan ya shiga sabgar da aka san shi da ita. Akwai wani dogon labarin mutum-mutumin ƙarfe da wani kamfani na ƙasar waje ya daɗe yana fitarwa, wani sashe a zane mai motsi, wani a fim, wani a littafin zane. Abdulsamad ya sa masa suna Dakarun Tama. Matsalar labarin ita ce sassansa suna ƙaryata juna. Shugaban dakarun ya mutu a nan, a can yana raye, a wani wurin ma shi ne maci amanar. Masu labarin suka ce duka gaskiya ne, kowanne a duniyarsa ya faru. Masu kallo a Azare suka rikice, kullum ana musu a bakin shagon.

Sai Abdulsamad ya zauna ya tsara duniyoyin nan yadda ya ji tsofaffin Katagum suna tsara dangi. Waɗanda suka fito daga tushe ɗaya ya kira su gida ɗaya. A cikin gida ya raba su ɗaki ɗaki, ya ce waɗannan uwa ɗaya suke, waɗancan 'yan uba ne. Ƙa'idarsa ita ce ba ya ba duniya suna sai ya gano daidai wurin da ta rabu da wadda ta haife ta, kuma da wannan rabuwar yake kiranta. Akwai Duniyar da Gada Ta Karye, akwai Duniyar da Manzo Ya Makara, akwai Duniyar da Aka Yi Sulhu. Yakan yi bayanin da murya ya tura wa masu saurare a waya, har mutanen Misau da Kano suka ɗauki sunayen.

Abokin nan nasa da ya gaya wa burinsa shi ne George, ma'aikacin gwamnati ɗan kudancin Bauchi, wanda ba ya wuce shagon bai tsaya ya tsokane shi ba.

“Malam Abdul, yau kuma wace ta haihu?”

“Ba a tabbatar da uwarta ba tukuna. Sai na gama bincike.”

“Kai fa ka fi limamin unguwarku raɗa suna, kuma ko kunnen rago ba mu taɓa gani ba.”

“Kai da ba ka iya bambanta 'yan uba da 'yan ɗaki ɗaya ba, wa zai ba ka nama?”

Mai hankali zai iya cewa ɓata lokaci ne magidanci ya riƙa tsara asalin abin da babu shi, kuma akwai gaskiya a maganar. Sai dai a yi masa adalci: bai bar salla don wannan ba, bai bar iyalinsa da yunwa ba, kuma ya koya wa samari da yawa cewa ba a yin musu sai an fara tantance abin da ake musu a kansa.

A daminar bara Kande ta kwanta ciwo, aka kai ta asibiti a Azare. Abdulsamad ya rufe shago. Shi ke neman magani, shi ke kawo abinci, amma ba ya zama a ɗakin, domin duk sa'ad da ya shiga sai ta ja mayafi ta juya fuska bango, shi kuma ba ya son ya wahalar da mara lafiya da kunya. Sai ya mai da inuwar wata darbejiya da ke bayan ɗakin wurin zamansa. Sadiya da autarsu Jannatu su ke jinya a ciki.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. George ya zo dubiya ya zauna tare da shi a inuwar, suna magana ƙasa ƙasa. A ciki Kande ta buɗe ido ta dubi 'ya'yanta mata, ta ce a fili, “Ku kira min Abdulsamad.”

Da wasu ne da sun leƙa ta taga sun yi kira, ba nisa. Amma waɗannan mata tun da suka yi wayo ba su taɓa jin sunan nan daga bakin uwarsu ba. A saninsu, Kande mai hankalinta ba za ta faɗe shi ba, don haka suka ɗauka hankalin ne ya gushe. Jannatu ta ruga neman nas, Sadiya ta riƙe mata hannu tana laƙƙana mata kalmar shahada. Kande ta sake faɗa, Sadiya ta ƙara ɗaga murya da salati. Sai da ta cika aka rufe ta da zane sannan aka tuna da Abdulsamad.

Ba za a zargi Sadiya da mugunta ba. Ta yi abin da ta ga ya fi muhimmanci ga mai barin duniya. Laifin yana wuyan tarbiyyar da ta tsananta kunya har ta kai uwa ta kira ɗanta, 'ya'yanta su ɗauka magagi ne.

A wurin zaman makoki George ya matso kusa da shi, yana neman abin da zai sanyaya masa zuciya.

“Malam Abdul, ka san a tsarinka, akwai duniyar da ka shiga ɗakin da wuri.”

“Waɗancan kamfani ne ya ƙirƙire su don ya sayar da kayan wasa, George. Mu guda ɗaya aka ba mu.”

A lokacin bai ma san an kira shi ba. Sai bayan an watse Sadiya ta same shi a zaure ta durƙusa ta gaya masa komai, tana kuka. Sai ya tambaye ta:

“Cikakke ta faɗa, ko Abdul ta ce?”

“Cikakke, Yaya.”

“Da wace irin murya? Muryar faɗa ce, ko ta neman aike?”

“Wallahi ban lura ba. Na tsorata ne.”

“Gwada min yadda ta faɗa.”

Sadiya ta share hawaye ta kira sunan. Ya saurara, ya ce ta sake, ta sake. Muryar Sadiya ce kawai. Ya ce mata ta tashi ta shiga gida, babu komai, Allah ya jiƙan Adda.